Tambaya da Amsa: Gashin nama irin na Japan a tsakar gida

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana ya dawo daga karatu a Japan, kullum zancensa gashin naman da ya ci a can, wanda kowa ke gasa nasa da hannunsa. Ina so in shirya masa ranar Asabar, da abokansa da matansu, mu takwas. Ta ina zan fara, kuma zan samu kayan a Zariya? Daga Maman 'Yan Biyu, Samaru.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun. Abin da maigidan ke kwatanta miki shi suke kira yakiniku. Ya yaɗu a Japan bayan 1945, kuma 'yan Koriya mazauna ƙasar suna da babban hannu a ciki, shi ya sa za ki ji tafarnuwa da man riɗi a miyarsa. Kayan kuwa kusan duk suna kasuwar Sabon Gari.

Ki fara da mahauci, don aikin gaba ɗaya a wajen yanka yake. Su Japanawa suna taƙama da naman wagyu, wato irin shanunsu, mai zanen kitse a cikin tsoka. Mu abin da ya fi kusa da shi tozo ne, sai naman haƙarƙari. Ki sayi kilo biyu, ki haɗa da harshen sa guda ɗaya, wanda birnin Sendai na Japan ya yi suna wajen gasa shi. Kada ki bari a daddatsa miki kamar na miya. Ki kawo shi gida dunƙule, ki sa a firiza kamar awa guda ya ɗan daskare, sannan ki yanka falle-falle, kaurin milimita 3 zuwa 5, kina gitta jijiyar naman. Naman shanunmu yana da tauri, idan ya yi kauri baƙi za su yi ta fama da shi.

Wajen miyar dangwalawa, wadda suke kira tare, a nan nake so ki buɗe ido. Ta asali ana haɗa ta da mirin da sake, kuma dukansu akwai giya a ciki. Kada ki sayi haɗaɗɗiya ta kwalba sai kin karanta abin da ke jikinta. Ki yi taki: soya sos mai tambarin halal rabin kofi, zuma cokali uku, ɗanyar citta da tafarnuwa a goge, ruwan lemon tsami kaɗan, man riɗi cokali ɗaya, a tafasa minti biyar, a barbaɗa soyayyen riɗi. Ki raba biyu, ki shafe tozon da rabi minti ashirin kafin gashi. Harshen kuwa gishiri da lemon tsami kawai yake so. Yajin ƙuli ki ajiye shi sai ranar tsire.

Wuta kuma, ki nemi gawayin ƙirya, wanda maƙera ke amfani da shi. Yana daɗewa, ba ya yawan hayaƙi, shi zai tsaya miki a madadin nasu gawayin da suke kira binchotan. Ki hura tun bayan magariba, ki bari harshen wutar ya mutu, garwashi ya yi farin toka a sama. Kurfoti biyu da raga, ɗaya ga maza, ɗaya gare ku mata, kowanne mutum huɗu kewaye da shi a kan tabarma. Don Allah a tsakar gida, ko da sanyin hunturu ya matsa. Gawayi a ɗaki a rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa.

Ki yayyanka albasa, tattasai, kabeji da kabewa sirara a faranti, ki dafa farar shinkafa ba mai ba gishiri, kowa da ɗan kwanonsa. Ki ware abin ɗaukar ɗanyen nama daban da cokalin ci.

Kuma ki zauna. Na san halinmu, uwargida tana madafa har baƙi su tashi. Wannan cin ba haka yake ba: kowa ya ɗora yanka biyu ko uku, ya juya sau ɗaya, cikin minti guda ya sauke ya dangwala. A fara da harshe tun ragar tana da tsabta, mai zuma ya biyo baya don yana saurin ƙonewa. Ki bar maigidan ya ɗora na farko ya nuna wa abokansa.