Kishiyar "mooch" da "bum" a Turanci

Ɗan'uwa, ka tambayi kishiyar kalmomin "mooch" da "bum". Ba za ka samu kalma guda ba, domin kowace tana ɗauke da ma'ana biyu: maula da kuma zaman kashe wando. Sai ka fara tantance wadda kake nufi.

Idan maula ce, irin mutumin da kullum sai an ɗora tukunya yake sallama, ko ya ari kuɗin mota bai taɓa biya ba, to kishiyar aikinsa "earn" ce, wato samu da gumin kai. "Pay your way" kuma shi ne mutum ya ɗauki nauyin kansa a cikin abokai. Wanda ya tsaya da ƙafarsa "self-reliant" ne, mai ciyar da gida kuwa "breadwinner".

Ɓangaren zaman banza ya fi sauƙi: "hardworking", "diligent" ko "industrious". Ta ƙarshen ta fi dacewa da rubutun makaranta.

Amma ka yi hattara da wasu kalmomi biyu da su ma kan nufi ƙwazo. "Hustle" a nan Najeriya yabo ne ga mai zuciyar nema, a Amurka kuwa tana iya nufin damfara. "Graft" a Ingila aiki tuƙuru ne, har suna ce wa mai ƙwazo "grafter", amma a Amurka cin hanci ne. Ni dai ba zan ba ka shawarar sa su a takardar neman aiki ba. Ita ma "bum" ɗin, a bakin Turawan Ingila mazaunai take nufi, don haka ka duba wanda kake magana da shi kafin ka furta.