Tambaya da Amsa: Yaya zan yi sunana ya riƙa shiga cikin hoto da kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai hoto ne a Tudun Wada nan Kaduna, biki da suna da walima nake ɗauka, lokacin Sallah kuma ina leƙawa Zariya ɗaukar hawa. Bara na ɗauki wani mahayi dokinsa ya yi tsaye da ƙafa biyu, wallahi hoton ya yi kyau sosai, na sa a Facebook da tambarina a ƙasa, bayan wata uku sai ga shi a kalanda ana sayarwa a kasuwa an yanke wurin tambarin gaba ɗaya. Wani abokin sana'a ya ce min ana iya rubuta suna a cikin hoton ta yadda ido ba ya gani, to amma ni a biki ɗaya sai in ɗauki hoto ɗari biyar ko fiye, ina ni ina binsu ɗaya bayan ɗaya? Akwai yadda zai riƙa shiga da kansa? Kyamarata Canon ce, ta yarona Nikon. Daga wani mai hoto, Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri, gaskiya abin da ciwo, mutum ya sha rana da ƙura a cikin dawaki sannan wani ya zo ya ci guminsa. Abokinka ya faɗa maka gaskiya kuma labari mai daɗi shi ne kyamarar da ke hannunka ta iya wannan aikin tun ranar da ka saye ta, saiti ne kawai ba ka taɓa ba.

Kowane hoto na dijital yana ɗauke da wasu bayanai a cikinsa da ba sa fitowa a fuskar hoton, su ake kira metadata. Ka ɗauka kamar rubutun da masu situdiyo na da suke yi a bayan kati, su buga hatimi su sa kwanan wata, to wannan ma bayan katin ne sai dai a cikin fayil yake. Akwai wanda kyamara ke rubutawa da kanta, sunansa EXIF, kamfanonin Japan ne suka fito da shi, a ciki za ka ga irin kyamarar da lens ɗin da ranar da aka ɗauka har da sa'a da minti, a Canon da Nikon da yawa har lambar jikin kyamarar tana shiga. Akwai kuma IPTC wanda 'yan jarida da kamfanonin dillancin labarai suka tsara don a san waye ya ɗauki hoto kuma na waye, sai XMP da kamfanin Adobe ya kawo a 2001. Ba sai ka haddace sunayen nan ba, abin da ya shafe ka gurbi biyu ne, na sunan mai ɗauka da na haƙƙin mallaka.

A Canon ɗinka ka danna Menu ka je shafin da ke da alamar sifana, mai ruwan ɗorawa, ka nemi inda aka rubuta Copyright information. Za ka ga Enter author's name, nan za ka sa sunanka, sai Enter copyright details, nan za ka rubuta misali Copyright 2025 da sunan situdiyonka. Idan ba ka ga wurin ba duba ko kyamarar tana kan cikakken otomatik ne, don wasu Canon ɗin suna ɓoye rabin menu a wannan yanayin, ka juya ta zuwa M ko Av sai ya bayyana. Shi ke nan fa, daga wannan lokacin duk hoton da ka ɗauka da sunanka zai fito, ko ɗari biyar ne ko dubu biyar.

Ta yaronka kuwa a Setup menu take, nan ma Copyright information, ya cike Artist ya cike Copyright, amma a Nikon akwai wani ɗan tarko da ke kama mutane da yawa, bayan an rubuta dole a kunna Attach copyright information, in ba a kunna ba rubutun yana nan zaune a kyamara amma ba ya shiga hoto ko ɗaya. Kuma tunda maganar yaro ta zo ku zauna ku yi magana tun yanzu, shi ya ɗauka amma da sunan situdiyonka yake aiki, ni shawarata a gurbin mai ɗauka a sa sunansa, a gurbin haƙƙin mallaka a sa na situdiyo in haka kuka yi yarjejeniya, kuma ku rubuta ta a takarda ko da layi uku ne, saboda ranar da zai buɗe nasa shagon kada zumunci ya lalace a kan hotunan baya.

Ka gyara kwanan wata da agogon kyamarar, don Allah kada ka raina wannan. Na sha ganin kyamara tana nuna shekarar da ta wuce da daɗewa saboda ƙaramin batirin ciki ya mutu, to ranar da rigima ta tashi hoton da ya ce an ɗauke shi shekara goma kafin a yi hawan ai ya zama shaidar da ke ƙaryata mai ita. Shekarar da ka rubuta a gurbin haƙƙin mallaka ita ma ba ta canza kanta, duk watan Janairu sai ka koma ka gyara. Sannan in ka ba da hayar kyamara ko ka sayar ka goge sunanka tukuna, ba ka san me za a ɗauka da ita ba kuma da sunanka zai fita.

Tsofaffin hotunan da ke kwamfuta fa? In kana aiki da manhajar gyaran hoto ta Lightroom Classic, lokacin shigo da hotuna a gefen dama akwai Apply During Import, a ƙarƙashin Metadata ka ƙirƙiri sabon saiti ka cike suna da haƙƙin mallaka da lambar waya ko imel, ka adana, daga nan duk hotunan katin memori da ka zuba zai buga musu. Wannan ya fi na kyamara faɗi tunda gurbin kyamara haruffa kaɗan yake ɗauka. Amma ka lura lokacin fitar da hoto, akwai zaɓin abin da za a bari a ciki, ka tabbatar haƙƙin mallaka da bayanan tuntuɓa suna cikin waɗanda za su fita. In ba ka da Lightroom ko a Windows kawai za ka iya, ka zaɓi hotunan JPEG gaba ɗaya, danna dama, Properties, sai Details, ka cike Authors da Copyright. Masu son abin da ya fi ƙarfi akwai manhajar ExifTool ta Phil Harvey, kyauta ce, layin umarni ɗaya ake rubutawa ta bi folda sukutum, kuma tana ajiye kwafin asali na kowane hoto saboda tsaro, sai dai ka tanadi wuri don foldar za ta ninka.

Yanzu abin da ba na so in ɓoye maka. Wannan rubutun shaida ne, ba kwaɗon kulle ba ne. Wanda ya yanke tambarinka zai iya goge metadata ma, kuma ko bai yi niyya ba shafukan sada zumunta suna share mafi yawansa lokacin da aka ɗora hoto, wanda kuma ya yi sikirinshot to babu abin da zai bi shi ko harafi ɗaya. Inda yake aiki sosai shi ne wurin mutanen kirki da ke neman mai hoto su biya, editan jarida ko ma'aikatar da ke haɗa littafi, suna buɗe fayil su ga sunanka da lambarka, Google ma tun 2018 yana nuna sunan mai hoto da haƙƙin mallaka a sakamakon binciken hotuna idan bayanan IPTC suna ciki. Babbar hujjarka kuwa ita ce asalin fayil ɗin, RAW, wato ɗanyen fayil yadda kyamara ta ɗauke shi, in kana ɗauka da shi, tare da hotunan da ke gabansa da bayansa a jere, mai kalanda yana da guda ɗaya da ya sauke a intanet, kai kana da dokin tun yana tahowa har ya tashi har ya sauka. Ka ajiye su a wuri biyu, kada ka taɓa ba kowa RAW, a Facebook kuma ƙaramin kwafi za ka riƙa sakawa wanda in an buga shi babba zai farfashe.

TAMBAYA: Malam ni da waya nake ɗaukar atamfofi da lesuka da nake sayarwa, sai in ga wasu sun kwashe a status ɗina suna talla da su. Wannan dabarar za ta yi min? Daga wata 'yar kasuwa, Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya gaskiya ba za ta yi miki wani amfani a status ba, WhatsApp yana matse hoto ya zubar da bayanan cikinsa, sai in an tura shi a matsayin document ne yake isa yadda yake. Ke abin da ya fi miki shi ne sunan shagonki da lambarki a kan hoton, a tsakiya kan atamfar inda in an yanke an ɓata kayan, ko ki rubuta a ɗan kati ki ɗora a kai kafin ki ɗauka. Kuma tunda a gida kike ɗauka ki shiga saitin kyamarar wayar ki kashe wurin da ke sa location, don hoton da aka tura a document yana iya nuna daidai inda gidanki yake.

TAMBAYA: Idan ban sa komai a hoton ba shi ke nan na rasa haƙƙina? Kuma hoton biki na waye, ni ko amarya da ta biya? Daga wani ɗalibi mai koyon hoto, Kawo.

AMSA: A'a ƙanena, haƙƙinka yana tabbata ne tun lokacin da ka danna, ba sai ka yi rajista ko ka sa wata alama ba, haka tsarin yarjejeniyar Berne ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka yake kuma Najeriya tana ciki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta ba hoto kariya ta shekara 50, ta kuma hana a cire ko a canza bayanan mallaka da ke cikin fayil ba da izini ba, ka ga ke nan sa sunan yana ƙara maka abin riƙewa. Hukumar kula da haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana karɓar rajista ga wanda ya so kuma can ake kai ƙorafi.

Maganar amarya kuwa ka bi a hankali. Hoton da aka ɗauke ka haya ka ɗauka don amfanin gida, in babu wata yarjejeniya daban, masu biki suna da damar amfani da shi yadda ba na kasuwanci ba, kuma suna da ikon hana ka watsa shi. Wato sunanka a cikin fayil bai ba ka lasisin ɗora matar mutane a Instagram don tallar aikinka ba, kuma a garin nan ka san ko ba doka wannan magana ce da ke kaiwa har gaban iyaye. Ka tambayi ango da amarya tun ranar da ake cinikin aiki, in sun yarda su turo maka a rubuce ko ta WhatsApp ne ka adana, in sun ce a'a ka nemi hoton ɗakin taro da kwalliyar wurin ka yi talla da su.