Baƙar shinkafa tana narka kitse kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwar 'ya'ya huɗu ce a Agege, Legas. Tun haihuwar auta jikina ya buɗe, likita ya ce in rage nauyi saboda hawan jini. Wata mai talla a WhatsApp ta ce baƙar shinkafa tana narka kitse, amma 'yar leda ɗaya ta fi kuɗin mudun fara. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar tana da tushe, sai dai mai tallar ta ƙara mata gishiri.

In kika jiƙa baƙar shinkafa za ki ga ruwan ya rine, kamar na zoɓo. Launin nan daga dusarta yake, sinadarin da ke kawo shi kuwa sunansa antosayanin, kuma danginsa ne ke sa zoɓo ja. Jar shinkafa ita ma tana da nata, furo'antosayanidin. Masu bincike sukan raini ƙananan ƙwayoyin jikin ɓera da ake kira 3T3-L1 a ɗakin gwaji, waɗanda ke rikiɗa su zama ƙwayoyin kitse. Da aka zuba musu sinadarin da aka tatso daga dusar, sai aikin furotin PPAR-gamma, wanda ke ba su umarnin rikiɗar, ya yi sanyi, maiƙon da suke tarawa ya ragu. An ga irin haka a ɓerayen da aka ɗora kan abinci mai maiƙo.

To amma tataccen sinadari ne aka ba ɓera, ke kuwa faranti za ki ci. Gram 100 na ɗanyar shinkafa, baƙa ko fara, yana da kalori wajen 350. Wani bincike na cibiyar Karolinska a Suwidin, a 2008, ya nuna yawan ƙwayoyin kitsen mutum yana daidaita tun ƙuruciya. In babba ya rame, girmansu ne ke raguwa. Abin da ke motsar da su shi ne rage ci da yawan motsi.

Amfanin da zan tsaya miki a kai shi ne dusar: tana riƙe ciki, yunwa ba ta saurin dawowa. Wannan kuwa ga shi a kusa da ke. Ki leƙa kasuwar Mile 12 ki nemi shinkafar Ofada ta jihar Ogun, mai jan zane a jikin ƙwayarta. Ki tsince tsakuwa, ki wanke sosai saboda warinta. Sai dai ki kula da miyarta, don na sha ganin manja yana iyo a kanta har ya rufe naman. Ki rage tulin shinkafar, ki haɗa da wake da alayyafo, zoɓonki kuma ban da sukari. Kuɗin ledar nan ki sayi kifi da su.

Tambaya: Ni direba ne a Idi Araba. An kawo min kafso na "jar shinkafa", wai yana rage ƙiba. Ɗaya suke da wadda ake dafawa?

Amsa: A'a malam, kowa da gidansu. Wannan farar shinkafa ce da ake tsimawa da wani jan naman gwari mai suna Monascus a ƙasar Sin. Tana ɗauke da monakolin K, wanda daidai yake da lobastatin, maganin rage kolestarol, wato maiƙon cikin jini. Yana iya jawo ciwon tsoka ko ya taɓa hanta, kuma mai juna biyu ba ta shan sa. Ka ɗauki kwalbar ka nuna wa likita kafin ka ɓalle murfinta, musamman in kana kan wani magani.