Ƙaramin layin dogo a bayan tsohuwar Fijo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramin layin dogonka na wasa zai jure tafiya daga Yamai zuwa Tawa a bayan Fijo 504. Zai jure, musamman in ma'aunin N ne, 1:160, wato kashi ɗaya cikin 160 na tsawon jirgin gaske, mai faɗin layi milimita 9. Ma'aunin HO, 1:87, ya fi girma, don haka yana cin wuri a kwanar layi. Raba katakon da layin ke kai gida biyu, ka shimfiɗa katifar soso ƙarƙashinsa saboda gargada. Taragai kuwa, nannaɗe su cikin akwati.

Zafi ne ya fi damuna. Ranar Afrilu tana lanƙwasa roba, ƙarfen layin ma yana miƙewa, don haka bar ƴar tazara a mahaɗai, kuma ka tashi da asuba. Da ka isa, goge ƙurar layin da ƙyalle, in ba haka ba wuta ba za ta kai injin ba.