Kana Jidda, gona tana Kumo

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta fito, daga wani magidanci ɗan wani ƙauye a yankin Kumo, cikin ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe. Ga ta a taƙaice:

"Shekarata huɗu a Saudiyya. Da bizar direban gida na shigo, muka saɓa da kafili, wato mutumin da ya ɗauki nauyin bizata, a kan albashi, na bar masa gidansa, ya sa mini hurub. Yanzu buga-buga nake yi, yau gini gobe dako. Wani ɗan garinmu a nan ya ce ya san mai gyaran igama, wato takardar izinin zama, sai dai kuɗin da yawa, ƙanena kuma ya ce a jinginar da fadamarmu a biya. A gida na bar mahaifiyata da maiɗakina da yara biyar, da gonar tudu da nake samun buhu ashirin na masara a cikinta. Bara tara aka samu, alhali ban taɓa fashin aika kuɗin taki ta hannun ƙanena ba. Yanzu maiɗakina ta ce ta gaji, ko in dawo ko in san yadda zan yi da ita. Me ka gani?"

Malam, Allah ya kawo mafita. Bari in fara da fadama, don ita ce abin da za a iya rasawa cikin mako guda. Kada ka jinginar. Hurub rahoto ne da kafili ya shigar wa hukuma cewa ka bar aiki, yana zaune a kwamfutar ma'aikatar ƙwadago da ta jawazat, wato hukumar shige da fice ta Saudiyya, kuma mutumin da ke karɓar kuɗi a shagon shayi ba shi da hannun goge shi. Galibi abin da ake sayar wa irinku shi ne alkawari, wani lokaci kuma takardar bogi wadda ranar da aka kama ka da ita laifinka ya zama biyu. Sassaucin da Saudiyya ta fara aiki da shi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da direbobin gida da masu aikin gida da makiyaya ba. Naku lamarin ta Musaned yake bi, wato manhajar gwamnati ta masu aikin gida. Saboda haka ƙofar da za ka buga ita ce ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda. Ka je da kanka, da duk abin da ya rage a hannunka: hoton fasfo, lambar tsohuwar igama, kwantiragi idan akwai. In fasfonka na hannun kafili, su ne ke ba da takardar tafiya ta gaggawa wadda za ta kawo ka gida. Ba zan ɓoye maka ba, wanda ya fita ta tarhil, wato hukuma ce ta tasa ƙeyarsa gida, ana ɗaukar zanen yatsunsa, kuma ana hana shi komawa. A 2017 hukumar Saudiyya ta buɗe afuwar kwana 90 ga baƙin da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba, har ta ƙara wa'adi, mutane suka fita ba tara ba ɗauri. Idan irin wannan ta sake zuwa, daga bakin hukuma za ka ji, kuma ba a biyan dillali a kanta.

Jingina kuwa ka fi ni saninta. Mai kuɗi ya karɓi fadama ya yi ta nomawa har ranar da ka maido masa da kuɗinsa cif. Kai da ba ka da tabbacin aikin gobe, yaushe ke nan? Kuma fadamar nan ita ce albasa da tumatir da alayyafon da ke riƙe tukunyar gidanka da rani.

To, mu zo kan buhu tara, don a nan zuciyar wasiƙarka take ko da ba ka lura ba. Na san abin da ya fara zuwa ranka: ƙanenka yana cin kuɗin. Mai yiwuwa ne, amma ban fara da zarginsa ba, domin na ga gidajen da ba a ci ko kwabo ba amfanin gona ya faɗi haka. Lokacin da kake gida, ba kuɗi kaɗai kake zuba wa gonar nan ba. Kai ne kake tare mai shanun huɗa a ƙofar masallaci bayan Isha'i ka ce gobe da asuba tawa ce. Kai ne a majalisa ranar da aka ce za a rubuta sunayen masu son takin gwamnati. Kai ne ka je gayyar wane, shi ya sa wane yake zuwa taka. Duk wannan a wuraren da mace ba ta zama ake ƙulla shi, kuma ba a turo shi ta waya.

Wata damina a wani ƙauye da ke hanyar Dadin Kowa na ga abin da idona. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, kowa na rububin huɗa. Wata mata da mijinta ke Legas ta tsaya a bakin gonar maƙwabci da goyo a baya, kuɗinta ƙulle a bakin zani, tana jiran mai garma ya kai ƙarshen kunya ta yi masa magana. Da ya iso, bai ko tsayar da shanun ba, ya ce, "Ki ce wa maigidan ya kira ni." Sai bayan kwana shida aka huɗe mata, ƙasa ta riga ta sha iska. Wanda bai san dawan garin ba, da kaka zai ce matar nan ba ta iya noma ba.

Masara ba ta jiran kowa. Takin NPK tana son sa ne cikin mako biyu da shuka, yuriya kuma wajen mako biyar zuwa shida. Kai kana aika kuɗi ranar da ka samu, ta hannun 'yan canji tunda mai hurub banki ba ya karɓar aikensa. Kuɗin ya sauka wurin ƙanenka, shi ma yana da tasa gonar da nasa iyalin, sai ranar kasuwa ya shiga Kumo. Kafin buhu ya iso gida ganye ya yi rawaya. Ga tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan tun 2016, wadda in ba a duba kan masara da sassafe an yi feshi da wuri ba, sai dai a ga ganye kamar rariya. Ga kuɗin dako da na ƙwadago da suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kuɗin takin da kake aikawa, in lissafin shekarar da ka tafi kake yi, ba ya sayen rabin abin da yake saye a da.

Maiɗakinka da can gayaunarta take yi, 'yar gyaɗa da kuɓewa da yakuwa, abin da ta samu nata ne. Da ka tafi gandu gaba ɗaya ya faɗo kanta, amma aikin kawai aka ba ta, ba a ba ta iko ba. Ita ke dafa wa 'yan ƙwadago, ita ke kai musu, ita ke lura da inda ƙuduji ya fito, ita za ta ga akuyar wani a cikin wake. Amma kuɗi a aljihun wani, shawara a bakin wani, in an tashi sayar da hatsi ba a tambayarta. In ta fita neman leburori a ce matar wane ta zama 'yar yawo tun da miji ba ya nan, in ta zauna a ce ta bar gona ta mutu. Ka tambaye ta awakinta nawa ne yanzu, nawa ne ranar da ka tafi. Ka tambaya ko babbar 'yarku tana zuwa makaranta da damina ko tana gida tana raino. Ba ka ambaci ko ɗaya a wasiƙarka ba, kuma ina zaton ba a faɗa maka ba ne.

Abin da zan ce ka yi ba shi da tsada, sai dai yana da nauyin baki. Ta yi lambar NIN in ba ta da ita, ta buɗe asusu da sunanta, da layin waya nata na kanta, kuɗin gona ya riƙa sauka can. Masu POS sun kai har ƙauyuka, ba sai ta shiga Gombe ba. Sannan ka sa a tara mahaifiyarku da ƙanenka da wani kawu da ake jin maganarsa, a buɗe murya a waya, ka faɗa da bakinka cewa gona a hannun uwar 'ya'yanka take har ka dawo. Kada ka wulaƙanta ƙanenka a wurin. Ka roƙe shi abin da namiji ne kaɗai zai iya yi muku a garin: kama mai shanu, zuwa wurin rubuta suna, rakiyar buhuna kasuwa. Ka yanka masa hasafinsa a fili, buhu ɗaya ko biyu da kaka, ya san nasa ke nan. Hajiya kuwa da lallashi za ka bi ta tun kafin taron, don in ta ga kamar an ƙwace daga ɗanta an ba suruka, ka kunna wutar da ba ka kusa balle ka kashe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin taki da iri su isa gida a Maris ko Afrilu, a saya a ajiye a ɗakinta kafin ruwa ya sauka farashi ya hau. Kuma ba dole ba ne a noma gonar duka. Gara rabin da ya sha taki ya samu noma biyu a kan kari da faɗin da ciyawa ta cinye. Sauran a ba da haya ta shekara ɗaya a gaban mai unguwa, da takarda da shaidu, don gonar da maigida ba ya nan iyakarta takan yi tafiya da dare. Wani ɓangaren a sa wake ko waken suya, ba su da cin taki kamar masara, kuma wake in an zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki yakan yi watanni ƙwaro bai taɓa shi ba, ba sai an karyar da shi da kaka ba. Malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jihar Gombe suna aiki da ƙungiyoyin mata. In akwai ɗaya kusa, ka ba ta izini ta shiga, a gaban mutane ka ba ta.

Saura maganarta ta ƙarshe, wadda ka sa a wutsiyar wasiƙa. Shekara huɗu ba wasa ba ce. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi bai koma ga iyalinsa ba, su da suka fita jihadi ke nan. A mazhabarmu ta Malikiyya mace tana da damar kai kuka wurin alƙali idan rashin miji ya cutar da ita, ko da abinci yana zuwa. Ita ba ta je kotun Kumo ba, kai ta faɗa wa. Abin da ba za ta iya ci gaba da ɗauka ba shi ne "sai Allah ya yi" ba wata ba shekara. Ka je ofishin jakadanci a makon nan, ka ji matsayinka na gaskiya, sannan ka yanka mata lokaci, ko da damina mai zuwa ce ko ta bayanta. Ka kira ta a wayarta, ba ta ƙanenka ba, da dare bayan yara sun kwanta. Kafin ka kawo maganar buhu tara, ka tambaye ta ranar da aka huɗe gonar bara, da wanda ya biya mai shanun.