Amsa: Sintesaiza mai kuka ba tsayawa

Ɗan'uwa, ka ce sintesaizarka ta modula (na'urar kiɗa mai ɓangarori da ake haɗawa da wayoyi) tana ta kuka ko ba ka taɓa madanni ba. Lafiyarta ƙalau. VCO, wato ɓangaren da ke samar da sautin, ba ya shiru muddin akwai wuta, VCA ce ƙofar da ke buɗe wa sauti ta rufe. Ja waya daga VCO zuwa VCA, wata daga ramin GATE na madanni (mai ba da sigina idan ka danna) zuwa ADSR (mai tsara yadda sauti ke tashi da sauka), sannan daga ADSR zuwa ramin CV na VCA, inda siginar buɗe ƙofar ke shiga. Murɗa maɓallin ƙarfin VCA zuwa sifili, in ba haka ba ƙofar a buɗe take.

Wayar kaifin murya daban take, daga madanni take fitowa ta shiga ramin 1V/OCT na VCO. Kuma da zafin Maradin nan, bar VCO na analog a kunne kamar minti 15 kafin ka daidaita shi, don muryarsa na zamewa yayin da yake ɗumama.