Amsa ga ɗan'uwan da 'ya'yan kilifish ɗinsa ke mutuwa a sati na biyu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ce ƙwan gardneri ɗinka, ƙaramin kifin ado na dangin da ake kira kilifish, sun ƙyanƙyashe lafiya lau, amma da an shiga sati na biyu sai 'ya'yan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali kana barbaɗa musu garin abincin kifi safe da yamma a tankin iyayensu. Kada ka yi saurin zargin ƙwan ko wanda ya sayar maka. Tun da nake kiwon kifin nan, kusan duk mutuwar sati na biyu da na gani daga yunwa take ko daga gurɓataccen ruwa, kuma garin nan shi ke jawo duka biyun.

Kifin da ka zaɓa ba mai wahala ba ne. Fundulopanchax gardneri ɗan gida ne, asalinsa rafukan Najeriya da Kamaru, shi ya sa masu kiwonsa a Turai da Amurka suke kiran kowane iri da sunan inda aka kamo shi, irin su Makurdi, Lafia, Akure da Misaje. Ƙwansa kan fashe cikin ruwa tsakanin kwana 14 da 21, kuma ɗan yana fitowa da bakin da ya isa ci tun ranar farko ko ta biyu.

To amma da ido yake farauta. Abin da bai motsa ba, ko kallo bai ishe shi ba. Garin sai ya nutse ya ruɓe a ƙasa, su kuwa suna sama cikinsu wayam. Abin da suke so atemiya ce mai rai, wato ƙananan halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande da ake ƙyanƙyasa daga busassun ƙwai. Masu ƙyanƙyasar tarwada sun santa sarai, a wajensu za ka samu, sai dai ka tabbatar an ba ka wadda ake ƙyanƙyasawa, ba wadda aka cire wa ɓawo ake barbaɗawa a bushe ba.

Ka sami gorar ruwa ta roba, ka yanke gindinta, ka kifa ta baki ƙasa. Ruwa lita ɗaya, gishiri giram 25 zuwa 30, ƙwan atemiya rabin ƙaramin cokali, sannan ka zura tiyon iska har ƙasa ya riƙa juya su. Cikin awa 24 sun fashe. Ka kashe iskar ka jira minti goma: ɓawon zai taso sama, 'ya'yan su taru ƙasa ja-ja suna wutsil-wutsil. Ka zuƙo su, ka tace a kan hankici mai tsabta, ka ɗauraye gishirin. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, faranti mai faɗi ya wadatar, ruwa kada ya wuce zurfin santimita 2, ƙwai kaɗan, ba sai da iska ba. Ka riƙa ɗora sabuwa kullum, don atemiyar da ta kwana da fashewa amfaninta ya riga ya ragu.

Bayan ka ba su, ka durƙusa ka duba kifin ta gefen mazubinsu. Ɗan da ya ci za ka ga tumbinsa ya yi ɓul-ɓul, launin ruwan lemo. Wanda cikinsa ya shafe, kai ya fi jiki girma, wannan yunwa ce ke cinsa. Ni da tumbin nan nake auna komai. Kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini ya fi tuli guda.

Sai ruwa. Yau ɗin nan ka kwashe waɗanda suka rage daga tankin iyaye, don iyayen da kansu suna cin su. Ka sa su a roba mai cin lita 3 zuwa 5, ba yashi ba tsakuwa, da ruwan tankin da suka saba, zurfin kamar yatsu uku. Ka jefa ɗan gansakukar Java (tsiron ruwa da ake sawa a tankin kifi), ƙananan halittun da ke cikinta abinci ne gare su tsakanin ciyarwa. Atemiya ba ta wuce 'yan awoyi a ruwan da ba gishiri, don haka duk yamma ka bi ƙasan robar da siririn tiyo ka zuƙe matattu da kashi, a cikin farin kwano, don ka ga ɗan da ya biyo ka mayar da shi. Kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari za ka canja, ba rabi ba. Ruwan famfo ya kwana a buɗe tukuna, kuma ya zauna ɗaki ɗaya da kifin don sanyinsu ya zo ɗaya. Sabulu kada ya kusanci kayan. Dodon koɗi ɗaya ko biyu suna taimakawa da share saura.

Akwai cutar da nake so ka duba da daren nan, ita ce Oodinium, wadda ta fi kowace kashe 'ya'yan kilifish, kuma ƙazantar ruwa ke buɗe mata ƙofa. Ka kashe fitila, ka haska tocila ta gefe. In ka ga jikinsu kamar an barbaɗa musu ƙura ruwan zinariya, sun matse fukafukai, sun tsaya sama ba sa ci, ita ce. Ka narka gishiri ƙaramin cokali ɗaya a duk lita 4, ka zuba a hankali, ka lulluɓe robar ta yi duhu na 'yan kwanaki, don ƙwayar tana amfana da haske. Maganin da ke da tagulla a ciki ban ba ka shawararsa a kan jarirai ba, yana da ƙarfi, kuma zai kashe dodon koɗin.

Zafin da suke so digiri 22 zuwa 25 ne. A Maris da Afrilu ɗakunanmu sun fi haka nesa, sai ka sauke robar kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Da hunturu kuma ɗan ruwa saurin hucewa yake da asuba, ka ɗaga ta daga ƙasa ka rufe.

Daga sati na uku za ka ga wasu sun tsere wa 'yan'uwansu a girma. Ka ware su, in ba haka ba manyan za su fara haɗiye ƙananan, kai kuma kana ƙirga kana ganin raguwa ba gawa. Lokacin ne kuma za ka ƙara musu wuri, ka fara ba su ƙananan tsutsar sauro, iya wadda za su cinye nan take. Murfi dole ne, don gardneri gwanin tsalle ne, 'yar kafar tiyo ma ta ishe shi fita. Wajen wata biyu mazan za su fara fito da ɗige-ɗigen ja a kan shuɗi. In kana da iri fiye da ɗaya, ka rubuta sunan wurin a jikin kowace roba tun yanzu, domin matan kama suke da juna ƙwarai, in Makurdi ta haɗu da Akure ba mai iya raba maka su.